Yadda Ake Gina Fahimta da Goyon Bayan Jama'a ga Binciken Allurar Rigakafin HIV

A watan Afrilun 1984 Sakatariyar Lafiya ta Amurka, Margaret Heckler, ta shaida wa 'yan jarida cewa ana sa ran cikin shekara biyu za a samu allurar rigakafin ƙanjamau da za a fara gwadawa. Yau an haura shekara 40 da wannan magana, kuma babu wata allurar rigakafin HIV da aka amince da ita a ko'ina cikin duniya. Duk wanda zai shiga cikin jama'a da batun wannan bincike, ma'aikacin lafiya ne, ɗan jarida ne ko ɗan ƙungiyar sa kai, ya kamata ya san cewa ba abin da ya riga ya samu zai kai musu ba. Zai nemi su fahimci wani aiki mai tsawo wanda yana iya cin nasara, yana kuma iya faɗuwa, su sa baki a yadda za a gudanar da shi, sannan wanda ya ga dama ya shiga. Matakan da ke biye an tsara su ne bisa wannan fahimta, kuma ma'aunin nasararsu shi ne yadda mutane suka gane al'amarin, ba yawan sunayen da aka tattara ba.

Mataki na farko: ku san aikin kafin ku buɗe baki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin taron farko, kowane ɗan tawaga ya iya bayyana dalilin da ya sa allurar ta yi wuyar samu, cikin jimloli kaɗan kuma ba tare da duba takarda ba. Ƙwayar HIV tana sauya kamanninta da sauri ƙwarai, tana lulluɓe bayanta da wani rufi na sukari da ke hana garkuwar jiki kama ta, tana kai hari kan ainihin ƙwayoyin da ke jagorantar garkuwar, sannan cikin 'yan kwanaki da shigarta takan dasa kanta a cikin ƙwayoyin halittar mutum ta ɓuya. A cutar ƙyanda ko shan-inna, masana sun kwaikwayi yadda jikin wanda ya warke ya yi galaba a kan cutar, amma a HIV jiki ba ya kawar da ƙwayar da kansa, don haka babu wannan abin koyi. Akwai kuma bambancin nau'i: wanda ya fi yawa a kudancin Afirka shi ne C, a Najeriya kuwa G da wani gauraye da ake kira CRF02_AG ne suka fi yawa, kuma wannan yana daga cikin hujjojin da suka sa bai dace a bar yankinmu a bayan bincike ba.

Haka nan ku san tarihin manyan gwaje-gwaje, domin akwai ranar da wani malamin makaranta ko ɗalibin jami'a zai tashi a taro ya tambaye ku. An dakatar da gwajin STEP a 2007 bayan an ga allurar ba ta kare kowa, har ma alamu suka nuna ta ƙara haɗarin kamuwa ga wasu maza. Gwajin RV144 da aka yi a ƙasar Tailan da mutum sama da 16,000 shi kaɗai ne ya nuna wata kariya, kashi 31 cikin 100, a sakamakon da aka bayyana a 2009, kuma wannan bai kai a ba da lasisi ba. An gyara wannan allura aka sake gwada ta a Afirka ta Kudu da mutum kimanin 5,400 a gwajin Uhambo, aka dakatar a farkon 2020 saboda ba ta yi aiki ba. Imbokodo, wanda mata kimanin 2,600 daga ƙasashe biyar na kudancin Afirka suka shiga, ya ƙare a 2021 ba tare da nasara ba, Mosaico ya bi sahu a Janairun 2023, sannan a ƙarshen shekarar aka tsayar da allurai a gwajin PrEPVacc na Yuganda da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. A yanzu hankalin masana ya fi karkata ga ƙananan gwaje-gwaje na matakin farko, inda ake ƙoƙarin horar da garkuwar jiki daki-daki har ta iya samar da sinadaran kariya masu iya kama nau'o'in ƙwayar da yawa. Kada ku ɓoye wannan jerin faɗuwa. Wanda ya ji shi daga bakinku zai yarda da sauran maganarku, wanda kuwa ya tsinto shi a intanet bayan kun tafi zai ɗauka rufa-rufa kuka yi masa.

Mataki na biyu: ku saurari abin da gari yake ɗauke da shi

A ƙasar Hausa ba a fara zancen gwajin magani a kan farar takarda. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano da yara kimanin 200, yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. A 2003 jita-jitar cewa an sa maganin hana haihuwa da ƙwayar ƙanjamau a ɗigon rigakafin shan-inna ta sa aka dakatar da shi a wasu jihohin arewa, kuma Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba daidai ba ne a kira wannan gudu jahilci, tunda wani ɓangare na tsoron yana da tushe a abin da ya faru da gaske.

Shi ma fagen binciken HIV ya sha irin wannan darasi. A 2004 aka dakatar da gwajin maganin tenofovir na kariya a Kambodiya, a 2005 aka dakatar da na birnin Duwala a Kamaru, bayan koke-koke kan yadda aka yi wa mata masu shiga bayani da kuma makomar wadda ta kamu da cutar ana cikin gwaji. Daga wannan rikici ne hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau da ƙungiyar AVAC mai fafutukar kariya daga HIV suka fitar da ƙa'idojin shigar da al'umma cikin bincike a 2007, suka sabunta su a 2011, kuma ya kamata kowace tawaga ta karanta su.

Saboda haka makonnin farko na sauraro ne. Ku zauna a majalisun unguwa da teburan masu shayi, ku tura mata daga cikinku su shiga gidaje da makarantun Islamiyya na matan aure, ku tattauna da masu kemis da ungozomomi da wanzamai, domin su ne mutane ke fara tambaya kafin su je asibiti. Ku rubuta tambayoyin da tsoron da kuka ji da kalmomin da aka faɗe su, ba da yadda kuka so a faɗa ba, domin daga wannan littafi za ku gina duk saƙonninku na gaba.

Mataki na uku: ku shiga ta ƙofa, amma kada ku tsaya a zaure

Gaisuwa a fada wajibi ce, daga hakimi zuwa dagaci da masu unguwanni, haka kuma limamai da malaman da ake sauraron karatunsu, da shugabannin coci inda akwai Kiristoci. Yaƙi da shan-inna ya nuna ƙarfin wannan hanya, musamman bayan da sarakunan arewa suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya a matakin farko a 2009 ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, har aka kai ga tabbatar da kawar da asalin nau'in ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka a Agustan 2020. Ku je wa malamai da cikakken jerin abubuwan da aka haɗa allurar da su, domin tambayar halacci za ta zo, kuma gara ta zo a zauren malam da ta zo a kan mumbari.

Sai dai izinin fada izinin shiga gari ne kawai, ba ya maye gurbin yardar mutum a kan jikinsa. Ƙari a kan haka, waɗanda cutar ta fi barazana gare su sau da yawa ba sa halartar taron fada: mata masu zaman kansu, direbobin manyan motoci da ke kwana a tashoshi, matasa masu yi wa kansu allurar ƙwaya, matar da mijinta ke ɗauke da ƙwayar ita ba ta da ita. Waɗannan ana isa gare su ne ta hannun ƙungiyoyin da suka riga suka amince da su, irin su rassan NEPWHAN ta masu rayuwa da HIV, kuma a wurin da ba za a nuna su da yatsa ba.

Mataki na huɗu: ku kafa kwamitin ba da shawara na al'umma

Mutum 10 zuwa 15 sun isa, a haɗa maza da mata, matasa da dattawa, malamin addini, wakiliyar ƙungiyar mata irin su FOMWAN, mai rayuwa da HIV, da wakilan rukunonin da aka ambata a sama. A rubuta aikin kwamitin da wa'adinsa da yadda ake sauya mambobi, a ware masa kuɗin zama da na horo a cikin kasafin binciken, kuma shugabansa ya fito daga cikin al'umma, kada ya zama ma'aikacin cibiyar binciken. Abin da ke bambanta kwamiti na gaske da na ado shi ne lokacin da aka kawo masa takardu. In an kawo tsarin binciken da takardar amincewa tun ana iya sauya su, kwamiti ne. In an kawo su bayan an buga an sa hatimi, 'yan kallo ne aka tara. Irin wannan kwamiti ne zai gaya wa masu bincike cewa ranar kasuwa ba ta dace da ganin likita ba, cewa mata za su fi sakewa da ma'aikaciya mace, cewa a sake duba jadawalin ɗibar jini a watan azumi, kuma cewa motar da aka rubuta HIV a jikinta kada ta tsaya a ƙofar gidan kowa.

Mataki na biyar: ku shirya amsoshin tambayoyi masu nauyi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne tawagogi da yawa suke sauri alhali ya kamata su dakata. Tambaya ta farko kullum ita ce ko allurar za ta sa wa mutum cutar. Amsa ita ce a'a, domin ba a sa cikakkiyar ƙwayar HIV a cikinta, rayayya ko matacciya, sai dai kwaikwayon wani ɗan ɓangare nata da aka haɗa a ɗakin gwaji, ko umarnin da zai sa jiki ya haɗa wannan ɓangare, kuma ɓangaren ba ya iya hayayyafa. Ba a kuma taɓa sa wa mai sa kai ƙwayar da gangan don a ga ko allurar ta kare shi. Abin da ake yi shi ne a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, wasu a yi musu allurar gwaji, wasu a yi musu allurar da ba ta ɗauke da komai, galibi ruwan gishiri, ba tare da su ko likitocin sun san wa ya samu wacce ba, sannan a bi su shekara biyu ko uku a kwatanta. Daga nan wani gargaɗi yake fitowa wanda dole a maimaita shi a kowane zama: shiga gwaji ba kariya ba ce, don haka ake ba kowa shawarwari da kwaroron roba da damar samun magungunan kariya.

Tambaya ta biyu ta jini ce, kuma bayani da baki ba ya kashe ta. Ku zo taro da kwalaben ɗibar jinin babu komai a ciki, ku cika su da ruwan zoɓo daidai adadin da za a ɗiba a ziyara ɗaya, ku juye a kofin awo a gaban jama'a, sannan ku ajiye shi kusa da jarkar lita 5, wadda ita ce kimanin jinin da ke jikin baligi, da kuma ledar da ake cikawa wajen ba da gudummawar jini, mai ɗaukar kusan rabin lita. Ku faɗi inda za a kai jinin, ko za a fitar da shi ƙasar waje, shekara nawa za a ajiye shi, da abin da aka yarda a yi da shi. In da hali, a kai mambobin kwamiti su ga ɗakin gwajin da firjin ajiyar da idonsu.

Ta uku ita ce mafi hatsari a yankinmu, wato batun haihuwa. Yawancin gwaje-gwajen suna sharɗanta wa mace kada ta ɗauki ciki a lokacin da ake yi mata alluran, har a nemi ta yi amfani da hanyar tazarar haihuwa na wasu watanni, saboda ba a riga an san tasirin sabuwar allura a kan ɗan tayi ba. In ba ku bayyana wannan da kanku tun farko ba, ranar da wani ya gano shi zai haɗa shi da tsohuwar jita-jitar 2003, kuma ba za ku iya raba su ba. Ku faɗe shi a fili, ku faɗi tsawon lokacin, ku kuma bayyana cewa matar da ke neman haihuwa a wannan lokaci ba a buƙatar ta shiga.

Akwai wata matsala da ba kasafai jama'a ke tambaya ba domin ba su san da ita ba, kuma hakki ne a kanku ku tayar da ita. Gwajin HIV na gaggawa da ake yi da ɗigon jini a yatsa ba ƙwayar yake nema ba, sinadaran kariya da jiki ya samar yake nema. Wanda aka yi wa allurar gwaji jikinsa yana iya samar da irin waɗannan sinadarai, sai gwajin ya nuna kamar yana da cutar alhali ba ya da ita, kuma hakan yana iya ɗaukar shekaru. A jiha irin Kano, inda tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ku kwatanta saurayin da aka sa ranar aurensa, ya je asibiti da wakilin gidan amarya, aka miƙo sakamako mai layi biyu, wato alamar yana ɗauke da ƙwayar. Kafin a ɗauki mutum na farko, cibiyar bincike ta tanadi gwajin da ke neman ƙwayar kanta, ta yi alkawari a rubuce cewa za ta ci gaba da yin sa kyauta bayan an gama bincike, ta ba kowane mai sa kai katin shaida da lambar da likita zai kira, ta kuma sanar da asibitocin yankin da wuraren ba da gudummawar jini. Cibiyar da ba ta da amsar wannan tambaya ba ta shirya ba.

A ƙarshe, ku bambanta wa mutane allurar rigakafi da allurar lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara. A gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2024, babu ko ɗaya daga cikin mata sama da 2,000 da aka yi wa ita da ta kamu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita a 2025. Magani ne da ke zama a jiki yana tare ƙwayar, in aka daina karɓa kariyar ta gushe, ba ya koya wa garkuwar jiki komai. Samuwarsa babban ci gaba ne, amma tsada da buƙatar komawa asibiti duk wata shida su ne suka sa har yanzu ake neman rigakafi mai ɗorewa.

Mataki na shida: ku isar da saƙo ta inda ake ji

Rediyo har gobe shi ne kan gaba, musamman shirin da ake buɗe layi masu sauraro su bugo, a zaunar da likita da malami da mamban kwamiti a teburi ɗaya. Gajerun saƙonnin murya na WhatsApp sun fi rubutu tafiya, kuma da su ake tarar jita-jita tun ba ta kwana ba, da sharaɗin a riga an sa wanda zai amsa da wanda zai tantance amsar. Ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai kan allurar rigakafin HIV, wadda ta samo asali daga jawabin Shugaba Bill Clinton na 1997, kuma dama ce ta gode wa masu sa kai. Ku guji hotunan ramammun majiyyata da kalaman tsoratarwa, domin suna ƙara ƙyamar masu ɗauke da ƙwayar, waɗanda binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta sun kai miliyan 1.9 a Najeriya, kuma mai shan maganinsa a kan kari yana rayuwa lafiya, yana aure yana haihuwa.

Mataki na bakwai: ku tsare yardar mutum ɗaya ɗaya

A Najeriya ba a fara gwaji sai da amincewar hukumar NAFDAC da ta kwamitin ɗa'ar bincike mai rajista da kwamitin ƙasa na NHREC, kuma kwamitin al'umma yana da damar neman ganin waɗannan takardu. Takardar amincewa ta kasance da Hausar da ake magana da ita, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaidar da ba ma'aikacin cibiyar ba ne, a bar shi ya tafi gida ya yi shawara, sannan in ya dawo a nemi ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Matar aure tana iya so ta shawarci mijinta, kuma sau da yawa hakan ya fi mata kwanciyar hankali, amma yardarsa ba ta wadatar in ita ba ta yarda ba, kuma sakamakon gwajinta sirrinta ne. Kuɗin da ake bayarwa ya tsaya a kan na mota da na lokacin da aka ɓata, domin in ya yi yawa talaka zai sa hannu kan abin da da ba zai yarda da shi ba. A sanar da kowa cewa yana da ikon fita duk ranar da ya so ba tare da ya rasa kulawar asibiti ba, a kuma bayyana wanda zai ɗauki nauyin jinya in allurar ta yi illa, da asibitin da za a haɗa wanda ya kamu da cutar da shi domin fara shan magani.

Mataki na takwas: ku shirya wa ranar sakamako tun ranar farko

Kowane babban gwaji yana da kwamitin masana masu zaman kansu da ke duba bayanai lokaci-lokaci, kuma su ne suke ba da shawarar a tsaya in sun ga illa ko rashin amfani, kamar yadda ya faru da Uhambo da Mosaico. Ku gaya wa jama'a wannan tun farko, domin in an tsayar da gwaji su gane cewa tsarin kariya ne ya yi aikinsa. Kuɗi ma yana iya yankewa, kamar yadda dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ya tsayar da shirye-shiryen gwaji a Afirka, don haka a rubuta tun da wuri wanda zai ci gaba da duba lafiyar masu sa kai in hakan ta faru.

Ku tanadi saƙo iri uku, na nasara, na rashin nasara da na illa, kwamiti ya duba su a ajiye. In labari ya zo, masu sa kai ne za su fara ji, ɗaya bayan ɗaya ko a ƙananan rukunoni, sai kwamiti, sai fada da malamai da hukumomin lafiya na jiha, sannan 'yan jarida, kuma duk wannan cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin gidajen rediyon ƙasashen waje su riga ku. Daga baya a sanar da kowane mai sa kai ko allurar gwaji aka yi masa ko ta ruwan gishiri, a ba shi wannan bayani a rubuce tare da ranar da zai dawo a sake duba shi.